Vale na Game of Thrones: tsakanin 'yan dutse da 'yan kwari, wa ya fara yi wa wani fashi?

1/
Duk wanda ya kalli Game of Thrones zai tuna mutanen nan masu gashi buzu-buzu da suka tare Tyrion a hanya bayan ya fito daga Eyrie. Su Shagga. Yawancinmu dariya muka yi muka wuce. Ni kuwa ina ganin su ne mutanen da aka fi zalunta a yankin Vale, kuma labarin ya hana su bakin magana. Zan fasa ƙwai da yawa, wanda bai gama kallo ba ya yi haƙuri.

2/
Mu fara da yanayin ƙasar, don a Vale ƙasa ce ke juya siyasa. Yankin yana gabashin Westeros. Tsakiyarsa wani dogon kwari ne mai baƙar ƙasa, ana noma alkama da sha'ir da kabewa. Tsaunukan da ake kira Mountains of the Moon sun kewaye shi, bayan su kuma teku. Daga yamma hanya ɗaya ce ta ƙasa, kuma dole ta bi ta wata matsattsiyar ƙofa, Bloody Gate, inda rundunoni da dama suka hallaka.

3/
To a cikin kwarin akwai dutse mafi tsawo, Giant's Lance. A gindinsa akwai fada, Gates of the Moon. Can sama a kafaɗarsa kuma aka gina Eyrie, gidan sarautar Arryn, hasumiyoyi bakwai farare sirara. Kafin ka kai sai ka wuce sansani uku: Stone, Snow, Sky. A kan alfadarai ake hawa. Daga Sky ko alfadarin ma ba ya iya ci gaba, sai dai ka hau da hannu da ƙafa, ko a ja ka a cikin kwando kamar buhun albasa.

4/
Kowa yana cewa ba a iya cin Eyrie da yaƙi. Na yarda. Amma ku duba abu biyu da littattafan suka faɗa, fim ɗin bai damu da su ba. Na ɗaya, idan sanyi ya shigo dole a kulle fadar kowa ya sauko ƙasa, in ba haka ba ƙanƙara ta rufe hanya. A littafi na huɗu, A Feast for Crows na 2005, mun ga wannan saukowar.

5/
Na biyu, an so a dasa bishiyar weirwood a can, wato farar bishiyar nan da masu tsohon addini ke bauta a gabanta, amma ta ƙi kamawa saboda ƙasar duk dutse ce. Wannan ɗan bayanin yana burge ni wallahi. Gidan Arryn sun fi kowa hawa sama, amma alamar mutanen da suka tarar a ƙasar ta ƙi zama a tsakar gidansu.

6/
Su wa suka tarar? First Men. Su ke zaune a Vale da ƙananan sarakunansu kafin Andals su ƙetaro teku daga gabas da sabon addini mai alloli bakwai da makaman ƙarfe. A gaɓar Vale suka fara sauka, wajen da ake kira Fingers. Wasu sarakunan First Men ma da kansu suka gayyato baƙin don su taya su yaƙar maƙwabta. Kun san yadda irin wannan gayyata take ƙarewa.

7/
Sai da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada sannan First Men suka haɗa kai a ƙarƙashin Robar II na gidan Royce. Aka gwabza a gindin Giant's Lance, yaƙin da ake kira Battle of the Seven Stars. Artys Arryn ya yi nasara, ya zama sarki. Waɗanda suka durƙusa aka bar su. Waɗanda suka ƙi suka gudu cikin tsaunuka.

8/
Jikokin waɗanda suka ƙi ɗin nan su ne Stone Crows, Burned Men, Black Ears, Moon Brothers, Painted Dogs da sauransu. Ka ga kenan mutumin da ake kira ɗan fashi don ya sauko ya kwashi hatsi a ƙauye, kakansa ne ke noma wannan gonar kafin a kore shi.

9/
Abin da ya fi ba ni haushi kuma shi ne gidan Royce. Jininsu ɗaya da 'yan dutse. Sarkin da ya jagoranci turjiyar ma nasu ne. Amma da yake sun miƙa wuya, yau su ne manyan hakimai a Runestone, Yohn Royce yana yawo da sulken tagulla mai rubutun kakanni ana cewa kai, ga gida mai asali. Ɗan uwansa da ya ƙi durƙusawa kuma ya zama “ɗan daji”. Asalin ɗaya ne fa. Sa hannu a takardar miƙa wuya ne kawai ya raba su.

10/
Kuma wa ya ba mu tarihin? The World of Ice and Fire, wanda ya fito a 2014, an rubuta shi ne da muryar wani malamin fada, Maester Yandel, yana rubuta wa sarki. George R. R. Martin ya yi haka da gangan, don mu san mai labarin yana da ubangida. Malaman nan a gidajen hakimai suke ci suke sha. 'Yan dutse ba su da ko ɗaya. Duk abin da muka sani a kansu daga bakin wanda ke tsoronsu ya fito, ko wanda ke son amfani da su.

11/
A nan ina da ƙorafi a kan Martin kansa. Mutanen bayan Katanga, su Ygritte da Mance Rayder, ya ba su fili. Jon Snow ya zauna da su, mun ji hujjarsu, har mun so su. 'Yan dutsen Vale fa? Littafi biyar, babu babi ɗaya da aka ba da daga idon ɗayansu. Shagga ya zama abin ban dariya mai barazana da gatari. Fim ɗin HBO kuwa bayan zango na farko a 2011 sai ya ajiye su gefe.

12/
Na san wani zai shigo ya ce, “Kai malam, mutanen nan suna kisa, suna sace mata.” Gaskiya ne. Littlefinger ya ba da labarin wata 'yar ƙanwar Jon Arryn da Burned Men suka ɗauke a hanyarta ta zuwa gidan aure. Chella, shugabar Black Ears, kunnuwan mutane take ratayawa a wuya. Timett da kansa ya ƙwaƙule idonsa da wuƙa mai zafi don ya nuna jarumta. Ba waliyyai ba ne.

13/
Kuma don Allah kar wani ya ɗauki wannan zaren ya kai shi Zamfara ya ce ina kare 'yan bindiga. Manomin da aka ƙona wa rumbu a ƙauyen Vale bai ƙwace ƙasar kowa ba, an haife shi ne ya tarar. Zaluncin da aka yi masa zalunci ne. Abin da nake cewa, gidan Arryn sun yi dubban shekaru suna mulki, amma ban da a aika barade su hau dutse su kashe wasu su dawo, ba mu ga sun yi wata dabara a kan lamarin ba.

14/
Wani abin lura. Tyrion da kansa ya yi ta mita cewa 'yan dutse ba sa yanke shawara da wuri, saboda a majalisarsu kowa yana da damar magana, har da mata. A wajensa wauta ce. Yanzu ku kwatanta da Eyrie mai “wayewa”: yaro mara lafiya a kan kujera, uwarsa Lysa tana mulki da son ranta, ana jefa mutane ta Moon Door yaron yana murna. Ku zaɓa da kanku.

15/
An yi wani malamin jami'a a Amurka, James C. Scott, da ya fitar da littafi a 2009, The Art of Not Being Governed, a kan mutanen tsaunukan kudu maso gabashin Asiya. Hujjarsa: da yawa daga cikinsu ba wai wayewa ce ta wuce su ba. Guduwa suka yi daga masarautun kwari, daga haraji da aikin tilas da bauta. Dutse mafaka ce. Masarauta kuma sai ta rubuta cewa duk wanda hannunta bai kai gare shi ba, dabba ne.

16/
Mu nan ba sai mun je Asiya ba. Ku duba tsaunukan Mandara, kan iyakar Najeriya da Kamaru. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar kundin abubuwan da yake yi daga 1912 zuwa 1927, a ciki yana lissafa hare-haren da ya aika kan mutanen dutse, da adadin bayi da shanun da aka kamo. Shi ke da mai rubutu. Waɗanda aka kama ba su bar kundi ba.

17/
A wannan yankin dai Sukur take, da gonakinta hawa-hawa a jikin dutse, da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, da sana'ar narkar da ƙarfe. A 1999 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, ta farko a Najeriya. Amma har yau akwai sunan raini da ake kiran mutanen dutse da shi a Hausa, kun san shi, mun taso muna jin sa a bakin manya. Shi ya sa labarin su Shagga ba ya ba ni dariya sosai.

18/
Mu koma Vale, ga Tyrion, gwanin kowa. Da 'yan dutse suka ritsa shi, ya ceci wuyansa da alkawari: makamai masu kyau, sulke, da kwarin Vale ɗin kansa. Wato ya gane abin da ke ci musu rai, ya taɓa daidai wurin. Suka bi shi suka yi wa gidan Lannister yaƙi a Green Fork, aka sa su inda aka fi mutuwa. Suka zama masu tsaronsa a King's Landing.

19/
Da aka gama yaƙin Blackwater yana kwance da rauni, sai aka sallame su. Black Ears da suka dawo ƙofar birni korar su aka yi. Kwarin da aka yi musu alkawari ko maganarsa ba a sake yi ba. Ɗan siyasa ya ɗebi matasa, ya ba su makami, ya ci zaɓe, ya canza lambar waya. Ba sai na ƙara bayani ba.

20/
Makaman kuma ba su koma hannun Lannister ba. A littafi na uku, A Storm of Swords, Arya da Hound sun isa wani ƙauye a gindin tsaunukan, mutanen wurin suka gaya musu cewa yanzu 'yan dutse suna da ƙarfe mai kyau, sun ƙara ƙarfin hali, hanyar zuwa Eyrie ba ta biyuwa. Tyrion ya yi siyasarsa a birni, talakan ƙauye ne ke biyan kuɗin.

21/
Ita kuwa Lysa ta kulle Bloody Gate ta hana baradenta fita, ko da ɗan yayarta Robb ke neman taimako. Mutane suna yaba wannan, wai Vale ta fita daga yaƙin da rundunarta cif, shi ya sa a zango na shida suka iya zuwa ceton Jon Snow. To amma ƙofar nan baƙo kawai take tarewa. Ko baƙon ma ba kowane ba: lokacin Aegon, sarauniya Sharra ta cika ƙofar da sojoji, Visenya ta hau dodonta mai aman wuta, Vhagar, ta sauka a tsakar gidan Eyrie, yaron sarki Ronnel ya ce yana so a ɗauke shi yawo. A nan sarautar ta ƙare.

22/
A inda littattafan suka tsaya, sanyi ya shigo. An kulle Eyrie, fada ta sauko gindin dutse. Magajin gidan yaro ne mai ciwo, Littlefinger ke riƙe da shi, hakimai suna harararsa. Rumbunan kwari cike suke da hatsi tunda yaƙi bai taɓa su ba. A sama kuma akwai mutanen da yunwa za ta koro, da takubban Lannister a hannu, da alkawarin da wani ɗan gidan da ke tinƙaho da biyan bashi ya yi musu bai cika ba. Idan littafi na shida ya fito, babin da zan fara nema kenan.