Ruwa Ba Ya Raguwa Banza: Martani Ga Masu Cewa A Cire Tamostat

Gaisuwa daga Leeds, inda sanyi ya fara kankama.

Tun da aka ji cewa tsohuwar Volkswagen ɗin ƙanena, wannan mai gado da murhu a ciki, tana shan ruwa, shawarwari suke ta zuwa daga gida kamar ruwan Agusta. Yaya ya ce a cire tamostat. Kawu ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto. Wani abokinmu direba ya ce a riƙa yawo da jarka kawai. Allah Ya saka da alheri, amma duka ukun ban yarda da su ba, domin yara uku motar nan za ta ɗauka zuwa tsaunukan Sikotland a hutun Disamba.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, ba ya raguwa banza ma. Hanyar ruwan inji a rufe take ruf. In lita guda ta ɓace a mako, akwai inda ta bi: ko ta zuba ƙasa, ko ta shiga cikin inji, ko murfi ya sake ta. Mai jarka bai gyara komai ba, jiran ranar tsayawa a titi kawai yake.

Ku fahimci motar tukuna. Samfurin T3 ce ta 1987, injinta a baya yake, lagireto kuma a gaba, dogayen bututu biyu ne suka haɗa su ta ƙarƙashi. Ruwan da take ɗauka ya haura lita 15. Ga hita a gaba, ga wata a ƙarƙashin kujerar baya, wadda in ta yi yoyo sai dai a ji daɓe ya jiƙe yana wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Mota mai mahaɗa da yawa haka ba a yi mata duba daga Kano ta waya.

Yaya, ka yi haƙuri, maganar tamostat ce ta fi ci mini rai. Na san makanikai a gida sun mai da cire shi sunna, wai don ƙasarmu zafi. Amma tamostat ba ya shan ruwa! Ƙofa ce kawai, tana rufe har inji ya ɗumama, sannan ta buɗe ruwa ya tafi lagireto. In ya lalace a sa sabo. In aka cire shi a sanyin nan, inji ba zai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci kansa, hita ta riƙa hura iska mai sanyi a kan yara, yoyon kuma yana nan inda yake.

Ƙwan Kawu kuwa, bai san ramin da aka aike shi ba. Yadda zai toshe huda, haka zai toshe siraran hanyoyin lagireto da na hita. Ruwan famfo zalla ya fi su haɗari: yana daskarewa a digiri 0, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya tsaga ƙarfe. Rabi ruwa rabi maganin daskarewa kan jure har wajen digiri 35 ƙasa da sifili, kuma shi ke hana tsatsa. Injin nan an san shi da wannan ciwo: in aka bar ruwansa ya tsufa, sai tsatsa ta rarake kan silinda daidai inda robar gaskit ta zauna, ruwa ya fara ɗiga.

Binciken ba tsada ne da shi ba. A fara da murfin tankin da ke ɗakin inji. Shi ke riƙe matsi kusan ba 1, wanda ke sa ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. In ya mutu, ruwa zai gudu zuwa ƙaramin tankin da ke bayan lambar mota, ya ƙi dawowa. Sai a ɗaura famfon gwaji inji na sanyi, a ba shi matsi, a zuba wa allura ido minti 15. In ta sauka, a shiga ƙarƙashi da tocila, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, a duba famfon ruwa, a nemi farin busasshen tabo. In waje a bushe yake, sai a yi gwajin shuɗin ruwan nan da ke komawa rawaya idan hayaƙin inji na shiga cikin ruwa. Farin hayaƙi da ba ya yankewa a salansa shi ma shaida ne. Farin kitsen da ake gani a murfin baƙin mai kuwa, kada ya tsorata kowa shi kaɗai, gajerun tafiye-tafiye cikin sanyi ma suna kawo shi.

Kuma don girman Allah kada wanda ya buɗe murfi inji na zafi.

Ranar Asabar za mu aro famfon gwajin. In gaskit ne, tafiyar Disamba a jirgin ƙasa za a yi ta, ko ƙanena ya so ko ya ƙi. A gaida Hajiya da yara. Kawu, ƙwan a soya mana shi in mun zo.