Ba Kowane Ciwon Ƙirji Ne Olsa Ba



A gidajenmu idan babba ya dafe ƙirji yana gumi, mu ake aika: "Ruga kemis ka karɓo maganin olsa." A sha, a jiƙa kanwa a ƙara, a ce bari a ga wayewar gari. Sau da yawa olsar ce kuwa. Amma wani lokacin bugun zuciya ne, shi kuma ba ya jiran gari ya waye.

Mu tuna darasin bayoloji. Zuciya tsoka ce, tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Kitse kan taru a bangonsu tsawon shekaru, musamman ga mai hawan jini, mai ciwon suga ko mai shan taba. Ranar da kitsen ya tsage, jini ya daskare a wurin ya toshe hanya, sai ɓangaren zuciyar da ya rasa jini ya fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30. Abin da ya mutu ba ya dawowa. Akwai allurar narkar da gudan jinin, amma ta fi aiki a sa'o'in farko. Bayan awa 12 amfaninta kaɗan ne.

Yanzu mu yi lissafi da Wudil. Daga yawancin unguwanni, Babban Asibitin Wudil bai wuce 'yan mintuna a Adaidaita Sahu ba. Idan likita ya tura mara lafiya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai tafiyar kimanin kilomita 40. Ranar Juma'a ga cunkoson kasuwa da motocin shanu a bakin gada, ga na Mariri da Hotoro a gaba. Wannan jinkirin ba a hannunmu yake ba. Wanda yake hannunmu shi ne na cikin gida, kuma sau da yawa ya fi tsawo: jiran magani ya yi aiki, jiran yaya ya dawo daga kasuwa, jiran a haɗa kuɗi.

To, ya za mu gane? Ciwon kan zo kamar an ɗora dutse a tsakiyar ƙirji, ya wuce minti 15 bai lafa ba. Yakan bi hannu, musamman na hagu, ko muƙamuƙi, ko baya. Ga gumi mai sanyi, numfashi sama-sama, tashin zuciya. Ga mata, tsofaffi da masu ciwon suga, yana iya zuwa a ɓoye: kasala mai tsanani da haki kawai.

Idan mun ga haka, mu zaunar da shi ya jingina, mu sassauta masa tufafi. Kada ya tuƙa mota ko ya hau babur da kansa. Mu nemo abin hawa nan take, mu ɗauki magungunan da yake sha, mu lura da lokacin da ciwon ya fara. A asibiti kada mu bi layin kati mu yi shiru, mu faɗa wa ma'aikaciyar jinya, "Ciwon ƙirji ne da gumi tun ƙarfe kaza." Gwajin ECG na 'yan mintuna ne, kuma da shi likita yake fara ganewa.

Mun san da nauyi yaro ya musa wa babba. Ba musu za mu yi ba. Mu durƙusa mu ce, "Baba, don Allah mu je a duba. In olsa ce, mun yi asarar kuɗin mota kawai." In ya ƙi, mu kira Umma, ko kawu, ko maƙwabcin da yake jin maganarsa.

Hausawa na cewa sauri kan haifi nawa, amma ban da a nan. Yau da daddare ku tambayi Baba da Umma yaushe rabonsu da awon jini, ku kuma ajiye lambar wani mai Adaidaita Sahu na unguwarku.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Sai mako mai zuwa.