Farar Wutar Cikin Fetur da Ƙirjin 'Ya'yanmu



Yawancinmu mun san farar wuta a matsayin maganin ƙuraje. To, akwai ta a cikin ɗanyen mai ma, kuma idan matatar mai ba ta cire ta ba, sai ta biyo fetur har cikin janareta da adaidaita sahu. Da ta ƙone sai ta zama iska mai kartar maƙogwaro, mai tayar da asma. Yara sun fi shan wahala, domin sun fi mu saurin numfashi, ga tsayinsu daidai bakin salansa.

Tun 2009 Tarayyar Turai ta hana farar wuta wuce kashi 10 cikin miliyan a man mota. Amma a 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta gano ana sayar da man dizal a Afirka wanda tasa ta ninka hakan har sau 378. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50.

Yaya ake cire ta? Matatu sun saba haɗa mai da iskar haidurojin a zafin da ya haura digiri 300, aiki mai cin kuɗi. Yanzu masana na gwada wani irin gishiri da yake ruwa-ruwa ko ba a ɗora shi a wuta ba. Ana kaɗa shi da fetur, amma ba sa gauraya, kamar man gyaɗa da ruwa. Sai ya janye farar wutar ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye fetur, kamar yadda ruwan tafasa ke janye tsamin rama. Ana iya tsaftace gishirin a sake aiki da shi. Sai dai yana da tsada, shi ya sa yawancin aikin bai fito daga ɗakunan bincike ba tukuna.

'Yar uwa, wannan gyaran na matata ne da hukuma, babu abin da za ki tace a gida. Naki shi ne kare hancin yaro. A ajiye janareta a waje, nesa da taga, domin ko man mai tsafta ne, hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri. Idan kina jiran abin hawa da yara, ku matsa daga bayan mota. Yaron da tari ke yawan tayarwa cikin dare kuwa, a kai shi asibiti.

A ina ake ajiye janareta a gidanku? Ku gaya mana a ƙasa.