Ra'ayinmu: Baitulmali Ɗaya, Lissafi A Fili

Daga unguwar Gawuna zuwa Sakatariyar Audu Bako da Gidan Gwamnati tafiya ce kaɗan, amma kuɗin da ake karɓa a hannun mai shago da mai tebur da mai Adaidaita Sahu a wannan unguwa yakan yi doguwar tafiya kafin ya isa inda doka ta ce ya je, wani ma ba ya isa. Yau hukumar kaza ta zo da rasit ɗinta, gobe wata ta zo da nata, talaka ya biya, bai san wace aljihu kuɗinsa ya faɗa ba. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu ja hankalin 'yan uwanmu ɗalibai ga ƙa'idojin da suka shafi yadda ma'aikatu da hukumomin jiha suke tara kuɗi, suke kashe shi, domin kuɗin tallafin karatunmu da maganin asibitocinmu daga wannan tukunya ake ɗibar su.

Batun ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, aka kafa Baitulmalin En'e, aka daina barin kowane hakimi ya cire rabonsa daga haraji da jangali kafin ya kawo saura. Sai aka ce a kawo duka gaban Ma'aji, a rubuta, a yanka wa kowa albashi, a yi kasafin shekara. Ba mu manta cewa Turawa don amfanin mulkinsu suka tsara haka ba, kuma talaka ya sha wuyar wannan haraji har 1979 da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke shi. Duk da haka, tara kuɗin a wuri guda shi ya ba En'e ta Kano ƙarfin gina asibitin cikin birni da aikin ruwan famfo na Challawa. Da lissafin En'e ɗin ya rikice kuwa, Gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa D. J. M. Muffett ya yi bincike a 1962, abin da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963. Masana tarihi suna ta muhawara kan yawan siyasar da ke cikin lamarin, amma darasi ɗaya ya tsaya: a ƙasar nan an taɓa tambayar mai sarauta mafi girma lissafin dukiyar jama'a. To, shugaban wata hukuma fa?

Abin da doka ta ce a bayyane yake. Sashe na 120 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk kuɗin da jiha ta tara a zuba shi cikin babban asusu guda, ban da wanda doka ta keɓe wa wani asusun na dabam, kuma ba a fitar da ko kwabo sai da iznin Tsarin Mulki ko na dokar kasafi wadda Majalisar Dokoki ta zartar. Sashe na 125 ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha nauyin duba littattafan ma'aikatu, ya miƙa rahotonsa ga Majalisa cikin kwana 90 bayan ya karɓi lissafin Akanta Janar. Sai dai wannan sashe ya bar wata kafa: bai ba shi ikon yin cikakken binciken lissafin hukumomin da doka ta kafa da kansa ba, iyakarsa ya ba su jerin sunayen masu binciken da za su zaɓa daga ciki, ya yi sharhi a kan abin da aka gano, sa'an nan ya riƙa duba su lokaci-lokaci. Ga shi kuwa waɗannan hukumomi su ne masu karɓar kuɗin filaye da na lasisi da na tara. Idan bango ya tsage, ai ƙadangare ba ya neman izni.

Hujjar da shugabannin hukumomi suka saba kawowa ita ce, in sun kai kuɗi Baitulmali kafin su sake ganinsa sai sun yi ta zarya, saboda haka gara su kashe abin da suka tara tun a wurin da aka tara shi. Illar wannan ɗabi'a uku ce. Majalisa ba ta san ainihin abin da ya shigo ba, balle ta raba shi da adalci. Hukumar da ke karɓar kuɗi tana sayen sababbin motoci, makarantar firamare da ba ta karɓar kome tana zaman ƙasa. Sa'an nan gwamnati takan ci bashi da ruwa daga bankin da kuɗinta ke kwance a cikinsa da sunan wata hukuma, wato ana sayar mata da abinta. Don toshe wannan ne Gwamnatin Tarayya ta tilasta wa hukumominta asusun bai-ɗaya a Babban Bankin Nijeriya a watan Satumba na 2015, Jihar Kaduna ma ta bi wannan hanya a shekarar. A 2018 kuma Bankin Duniya ya ware dala miliyan 750 don saka wa jihohin da suka buga kasafinsu da lissafinsu a fili. Abin kunya ne a ce sai baƙo ya yi mana alkawarin lada kafin mu nuna wa mai dukiya yadda aka yi da dukiyarsa.

Muna goyon bayan asusu guda, amma da sharaɗi, domin mu 'yan jami'a mun san ɗaya gefen. Malamanmu sun daɗe suna kukan cewa kuɗin bincike da masu taimako suka bayar yakan maƙale, kuma rikicin tsarin biyan albashi na IPPIS bai lafa ba sai da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga cikinsa a Disamban 2023. Asibitin da janaretansa ya tsaya da tsakar dare ba zai jira takarda ta zagaya ofis bakwai ba. Wanda ya karɓe makullin rumbu, wajibi ne ya riƙa auna wa gida hatsi a kan lokaci.

Haka kuma batun ayyukan da hukumomi za su iya yin tarayya a kansu. Ba mu ga dalilin da zai sa kowace ƙaramar hukuma ta mallaki nata sashen sayayya, da nata garejin motoci, da nata ofishin biyan albashi ba. In aka haɗa sayen takarda da man fetur da gyaran motoci a ofis guda, farashi zai sauka, sunayen ma'aikatan bogi kuma za su yi wuyar ɓoyewa. Amma a sani, wurin da aka tara zuma nan ƙuda ke taruwa. Irin wannan ofis dole ya buga kowace kwangila, da sunan wanda aka ba, da farashinta.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kano da Majalisar Dokokinta a kan abubuwa huɗu. Na ɗaya, a tabbatar rasit iri ɗaya ne tak yake yawo a Gawuna da sauran unguwanni, a kuma liƙa jerin kuɗaɗen da doka ta halatta a kowace kasuwa da harshen Hausa. Na biyu, a ƙayyade kwanakin da Baitulmali zai saki kuɗin asibitoci da makarantu, wanda ya jinkirta ya yi bayani. Na uku, kwamitin Majalisa mai duba lissafin gwamnati ya riƙa zamansa a bainar jama'a, ya kira kowane shugaban hukuma da sunansa. Na huɗu, a fassara rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi, a karanta shi a gidajen rediyo.

Ku kuma 'yan uwa ɗalibai, musamman masu karatun lissafin kuɗi da shari'a da sha'anin mulki, gobe ku ne akantoci da manyan sakatarori. Ku nemi kasafin jiharku ku karanta, ku riƙa tambaya tun daga kuɗin ƙungiyar da kuke biya kowace shekara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya ba mu ƙarfin halin tambayarsu.