Aiki da Godiya

Ya ku yara, in kuka kasa kunne ga gaisuwar manya da safe, za ku ji abin da ya isa a tsaya a yi tunani a kansa. In aka ce wa mutum, "Ina aiki?" sai ya ce, "Aiki da godiya." In aka ce, "Yaya iyali?" ya ce, "Lafiya lau, mun gode Allah." In damina ce aka tambaye shi ruwa, ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Ko da hunturu ya tsananta, ƙafa tana faso, in ka ce masa, "Yaya sanyi?" sai ya amsa, "Lokacinsa ne." Kakanninmu ne suka bar mana waɗannan kalmomi, sun cusa godiya cikin gaisuwa don kada gari ya waye mu manta da ita.

Amma fa abin da baki ya saba faɗi kullum, sau da yawa zuciya ba ta san an faɗa ba. Yaro yakan karɓi abu ya ce "na gode" yana gudu, bai ko dubi wanda ya ba shi ba. Ni a ganina godiya sana'a ce, kamar saƙa ko ƙira. Koyonta ake yi, kuma da ƙuruciya ake koyo, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya girma bai iya ta ba shi ake kira butulu, shi ake yi wa kirari da kaza, ci ki goge bakinki. Babu ɗayanku da zai so a kira shi da wannan suna.

Matakin farko na wannan sana'a shi ne lura. Ku dubi tuwon da aka ajiye muku jiya da dare. Hannu nawa ya bi kafin ya iso gabanku? Manomi ya yi sharar gona tun da bazara, ya kai taki, ya jira ruwan shuka. Ya yi noman fari, ya yi maimai, rana tana dukansa. Da kaka ta yi ya girbe dawa, ya ɗaure dami, ya kai rumbu. Sa'an nan aka yi sussuka, aka sheƙe, aka surfe, aka niƙa. Wani ya jawo ruwa a rijiya, wani ya saro itace. Uwarku kuwa ta zauna gaban murhu, hayaƙi yana shiga mata ido, tana tuƙi. Miyar ma haka take. Wani ya hau kuka ya ciro ganye, wata ta dafa kalwa ta yi daddawa, manja kuma tun daga kudu aka ɗauko shi. Ku ƙidaya da kanku, za ku wuce mutum goma. To, yaron da ya san wannan, yaya zai ture akushi ya ce miya ba nama?

Akwai kuma alherin da ba ku gani, domin an yi muku shi tun ba a haife ku ba. A zamanin kakanninku agana takan shiga gari ta kashe manya da yara. Wanda ya tsira ta bar masa tabo a fuska, wani ma ta makantar da shi. Masu lamba suka bi ƙauyuka da kasuwanni suna yi wa jama'a rigakafi, a nan da sauran ƙasashe, har a shekarar 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa agana ta ƙare a duniya duka. Haka kuma kurkunu, wanda ake samu daga shan ruwan kududdufi. Yakan kwantar da manomi da damina, daidai lokacin da gona take bukatarsa. Da aka yi ƙidaya a Nijeriya a 1988, an sami mutum fiye da 600,000 masu fama da shi. Aka koya wa mutane tace ruwa, aka haƙa rijiyoyi, manya irin su Janar Yakubu Gowon da Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, suka sa hannu. A 2013 aka tabbatar da cewa babu sauran kurkunu a Nijeriya. Yau kuna tafiya makaranta da ƙafafunku lafiya lau, ga fuskokinku sumul. Yawancin waɗanda suka yi wannan wahala ba ku san sunansu ba, amma kuna cin moriyarta.

Mataki na biyu shi ne faɗi. Godiyar da ta tsaya a ciki, wanda ya yi alheri bai san da ita ba. Shi ya sa Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici. Ku lura da al'adarmu: in an aiko wa mutum kyauta, yakan ba ɗan aike tukwici, kashegari kuma ya taka da ƙafarsa ya je godiya. In an gama biki ko suna, akan bi waɗanda suka taya aiki a yi musu ban gajiya. Ku ma ku koyi haka. Ku tsaya, ku rusuna, ku ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri." Kada ku keɓe wannan ga baƙo da mai kuɗi kaɗai. Mutanen gida su aka fi mantawa. Yaushe rabon da ka ce wa innarka "Sannu da aiki"? Yaushe rabon da ka gode wa yayarka da ta wanke maka rigar makaranta?

Mataki na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ramawa da aiki. Manomi Musulmi in amfanin gonarsa ya kai nisabi yakan fid da zakka, kashi ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar da gonar, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma. Ranar suna, watau kwana bakwai da haihuwa, akan yanka rago a raba wa 'yan'uwa da maƙwabta. Naman layya ma ba a cinye shi a gida ɗaya. Wanda aka yi wa gayya bana, baɗi shi zai riga kowa zuwa gonar maƙwabcinsa da fartanya. Ku ba ku da rumbu ko rago, amma kuna da naku rabon. Wanda ya gane lissafi ya koya wa wanda bai gane ba. Wanda aka ara wa littafi ya mai da shi ba yage ba datti.

To, duk wannan mai sauƙi ne ran da ciki ya ƙoshi. Ina kuma ran wuya? Ƙasarmu ta ga wuya ba sau ɗaya ba. An yi yunwar Kakalaba a 1914. An yi fari mai tsanani a 1973, aka sake yi a 1984, shanu suka mutu, mutane da yawa suka bar garuruwansu neman abinci. Ku tambayi tsofaffin gidanku labarin farin nan biyu. Za ku ji suna ba da labarin wahala, amma za ku ji kuma suna ambaton wanda ya ba su mudun hatsi, da wanda ya sauke su a zaurensa. Shekara arba'in ta wuce, ba su manta ba. Wuya ita ke nuna wa mutum masoyinsa, mai godiya kuwa shi ke riƙe sunan.

Haka in ka je gai da majiyyaci ka ce, "Yaya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi." Ba ƙarya yake yi ba. Ya san ciwon yana nan, amma ya dubi abin da ya rage masa: ransa, da masu jinyarsa, da kai da ka zo gaishe shi. Wanda ya zauna yana ƙidayar abin da ya rasa kaɗai, ƙarfinsa yakan ƙare tun kafin wuyar ta ƙare. In ka faɗi jarrabawa, ka ji zafin abin, babu laifi. Sa'an nan ka tuna kana da malami, kana da littafi, kuma akwai baɗi.

Wani yaro mai wayo zai ce, "Malam, rufin ajinmu yana yoyo, kuma babu benci. Godiya za mu yi mu yi shiru?" A'a, ɗana. Godiya ba ta hana neman gyara. Wanda ya san darajar makaranta shi ne zai fi damuwa in ta lalace. Ku gaya wa malamanku da iyayenku cikin ladabi, su kai maganar inda ya dace. In an cuce ku kuma ku faɗa. Manomin da ya ce "mun gode Allah" a shekarar fari ba ya naɗe hannu. Yakan ɓoye iri, ya tafi cin rani, ya komo kafin ruwan shuka.

Saboda haka ku fara yau. Kafin ku yi barci, kowa ya tuna alheri uku da ya samu tun safe, da mutanen da suka yi masa. Gobe da safe ya nemi ɗaya daga cikinsu ya gode masa, in da hali kuma ya taya shi wani aiki. Ku riƙe wannan ran daɗi da ran wuya, har ya zame muku jiki. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.