Muryarta Ce, Amma Sunan Wasu Aka Sa

 

'Yan uwana matasa, yau zan yi magana ne a kan wata mawaƙiya 'yar Amurka mai suna Darlene Love. Na san wani zai ce me ya haɗa shafin tunatarwa da mawaƙiya, Kirista kuma, wadda aka fi saninta da waƙar Kirsimeti? Ina roƙon a yi mini haƙuri har ƙarshe. Ba hukuncin kiɗa na zo tattaunawa ba, wannan fagen malamai ne. Maganar haƙƙi ce ta kawo ni.

A shekarar 1986 wannan baiwar Allah ta fara bayyana a shirin hira na dare na David Letterman, ta rera waƙar Kirsimeti da ta yi tun 1963. Daga baya abin ya zama al'ada: duk ƙarshen shekara ana jiranta, har zuwa 2014, watanni kaɗan kafin Letterman ya ajiye shirin a 2015. Mai kallo yana ganin fitilu da makaɗa da tafi na 'yan mintuna, sai ya ɗauka cewa haka rayuwarta ta kasance tun fil azal.

Alhali kuwa ba haka ba ne. An haife ta a Los Angeles a 1941, 'yar limamin coci ce. A 1962 mai shirya waƙoƙi Phil Spector ya sa ta rera waƙar “He's a Rebel”, sannan ya fitar da ita da sunan wata ƙungiyar 'yan mata da ake kira Crystals. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, jama'a suna jin muryar Darlene suna yaba wa wasu. Bayan shekaru sai al'amura suka tsaya mata cik, har ta koma yin shara da goge-goge a gidajen masu kuɗi. Ita da kanta ta ba da labarin ranar da tana cikin wanke banɗakin wani gida ta ji waƙarta ta Kirsimeti tana tashi a rediyo. Sai a 1997 kotu ta ba ta gaskiya a kan Spector game da kuɗin waƙoƙinta. Shi kuwa a 2009 aka same shi da laifin kisan kai, ya kuma mutu a tsare a 2021.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cire sunan. Mu mun saba ɗaukar sata a matsayin sa hannu a aljihun mutum ko fasa shago. Amma wanda ya ɗauki gumin wani ya liƙa masa sunan da ba nasa ba, shi ma ya tauye mudu. Allah Ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifin, wadda ta buɗe da gargaɗi mai tsanani ga masu cika awo idan nasu ne, su rage idan na mutane ne. Kuma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa daga cikin mutane uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya ci moriyar aikinsa, ya hana shi ladansa. Ba a ce sai idan ɗan ƙwadagon Musulmi ne ba. Zalunci haramun ne ko a kan wa ya faɗa.

To, mu dawo gida. Sau nawa muke kwafo rubutun wani ɗan uwa a intanet, mu goge sunansa, mu tura kamar namu, muna jin daɗin masu cewa Allah Ya ƙara basira? Sau nawa ɗalibi yake kwashe binciken abokinsa ya miƙa wa malami? Ni kaina na taɓa ɗauko wata nasiha na aika wa jama'a ban ambaci mai ita ba, aka yi ta yabona, na yi shiru. Wannan shirun yana damuna har yau.

Wasu za su ce ai da'awa ce, ilimi kuma ba na kowa ba ne. Amsata ita ce magabatanmu sun fi mu son yaɗa ilimi, amma su ne suka gina isnadi, suna jingina kowace magana ga mai ita, suna tafiyar watanni domin tabbatar da wanda ya faɗi hadisi ɗaya. Ambaton sunan mai magana bai taɓa rage ladan wanda ya isar da ita ba.

Darlene ta rayu har ta ga an dawo mata da sunanta: an karrama ta a 2011, fim ɗin da ya ba da labarinta da na ire-irenta ya ci lambar Oscar a 2014. Da yawa daga cikin waɗanda muke ci wa haƙƙi ba su da kotu, ba su da shirin talabijin. Su sai a ranar da za a biya bashi da lada. Saboda haka duk wanda ya san akwai aikin wani a hannunsa, ya mayar masa da sunansa tun yau.

Allah Ya kiyaye mu daga ɗaukar haƙƙin bayinSa, Ya yafe mana wanda muka riga muka ɗauka. Wassalamu alaikum.