Malam, Aikinka Bai Ƙare Ranar da Sakamakon Bak Ya Fito Ba



Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, zauren dattijon da muke yi wa aikin magatakarda a nan Maraɗi yakan cika da iyaye riƙe da takardun ƴaƴansu. Tambayarsu ɗaya ce: yaro ya ci, to ina za a nufa da shi? Bara wani bawan Allah ya zo mana ido jawur. Ya sayar da gonar gado, ya miƙa kuɗin ga wani dillali da ya yi alkawarin samar wa ɗansa gurbin karatu a Turkiyya. Dillali ya kashe waya, gona kuma ta tafi. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne tallafin nan kyauta ake neman sa ta intanet, kuma a makarantar da yaron ya yi shekara uku ba a sami malami ko ɗaya da ya faɗa masa haka ba.

Saboda haka maganarmu ta yau da malamai take. Mun san ajujuwa a cike suke, mun san albashi ba ya kai ƙarshen wata. Amma duk wannan bai wanke malamin da ya san ranar rufe neman wani tallafi ya yi gum da bakinsa ba, balle wanda ya ɓoye labarin don ɗan gidansa kaɗai ya amfana. Wannan ɓoye sani ne, kuma duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure ya san girman laifin mai yin sa.

Ƙofofi suna nan a buɗe. Tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, ana neman sa a farkon shekara, tsakanin Janairu da Fabrairu. Mai neman digirin farko sai ya kasance bai kai shekara 21 ba, kuma tallafin ya haɗa da kuɗin makaranta, masauki, tikitin jirgi da shekara guda ta koyon Turkanci. Maroko da Aljeriya suna ba da gurabe ta hannun hukumar ANAB. Gidauniyar Mastercard tun 2012 take ɗaukar nauyin haziƙan ƴaƴan talakawa a jami'o'i irin su Ashesi ta ƙasar Gana. Ga ɗaliban ɓangaren Larabci akwai Azhar, akwai Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961. Yaron ƙauye da mahaifinsa bai taɓa riƙe fasfo ba, daga bakin wa zai ji wannan in malaminsa bai faɗa masa ba?

Wasu za su ce fita waje tana ɓata tarbiyya, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Muna jin wannan tsoro, domin mu ma iyaye ne. Sai dai mu waiwayi tarihinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har Agadas ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Muhammadu al-Kashnawi, masanin lissafin nan na ƙasar Katsina, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa cikin ƙarni na 18, ana girmama shi. Ga kuma namu na kusa, Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929: ya yi karatun kimiyya a Faransa, ya ƙaro a Tarayyar Sobiyet, ya dawo ya jagoranci binciken makamashin hasken rana, ya shugabanci jami'ar Yamai wadda yau take ɗauke da sunansa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Matashin da aka rufe wa ƙofar halal ba zama yake yi ba. Hanyar Agadas zuwa Libiya yake kamawa, kuma kowa a cikinmu ya san gidan da aka yi zaman makokin da ba gawa.

Ga abin da muke nema. Tun daga ajin farko na lise, malami ya duba takardun ɗalibansa. A zauren nan mun sha ganin yaro Mahamadou a takardar haihuwa, Mahamane a takardar makaranta, ranar haihuwa kuma ta sha bamban. Gyaran irin wannan kuskure yana cin watanni, kuma shi kaɗai ya isa a watsar da neman yaro. A manna jadawalin ranakun buɗewa da rufewar tallafi a bangon aji, domin wanda ya jira sakamakon bak kafin ya fara nema, wasu ƙofofin sun riga sun rufe masa har sai baɗi.

Sai wasiƙar shaida. Abin kunya ne malami ya rubuta wa ɗalibai talatin jimla ɗaya, wai yaro ne mai ladabi da ƙoƙari. Masu tantancewa suna son su ji abin da yaron ya aikata: shin shi ne ya riƙa koya wa ƙannensa lissafi da dare, ko ita ce ta riƙe matsayi na ɗaya alhali tana taya uwarta sana'a? Kuma kada a karɓi ko dala a kan wannan wasiƙa. Malam, shaida kake bayarwa, kuma za a tambaye ka a kanta.

Sannan a buɗe wa yara ido game da duniya. Taswira ta sauko daga bangon ofishin darakta ta shiga aji. A kira tsofaffin ɗaliban da suka yi karatu a Rabat ko Istanbul su ba da labarin sanyi, kewar gida da tsadar rayuwa, gaskiya tsagwaronta. A ƙarfafa Ingilishi a kan Faransanci da Larabci. Kada kuma a tsallake ƴan mata: malama ɗaya da za ta taka har gida ta zauna da uwa da uba ta fi takarda goma tasiri.

Mu ma dattawa da masu yi musu hidima ba mu kuɓuta ba. Mun ɗauki alkawarin cewa duk malamin da ya kawo mana ɗalibin da kuɗin fasfo ko na fassara takardu ya tsayar, za mu kai maganarsa gaban masu hali na unguwa. Namu ke nan. Naku kuwa, malamai, ku buɗe baki kafin watan Janairu, kada wata gonar ta sake tafiya.

Allah ya saka wa malamanmu na ƙwarai da alheri, ya kai ƴaƴanmu lafiya, ya dawo mana da su da ilimi mai amfani.